Hausar Hukuma a Zamanin Annobar Korona: Nazarin Kalmomin Sanarwa na 2020

1. Abin da a ke nazari

Ran 29 ga watan Maris, 2020, Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya yi wa mutanen Nijeriya jawabi ta rediyo da talabijin, ya ce za a rufe Ikko, watau Legas, da Jihar Ogun, da Abuja, har kwana 14, saboda cutar korona. Wata guda ke nan da samun mutum na farko mai cutar a ƙasar, wani ɗan Italiya da ya sauka Ikko. Da Turanci aka yi jawabin, da Turanci kuma kwamitin da Shugaban ya naɗa, a ƙarƙashin Sakataren Gwamnati Boss Mustapha, ya riƙa yi wa 'yan jarida bayani. Amma mafi yawan mutanen Arewa ba da Turanci maganar ta iso kunnensu ba. Sai da ta bi ta hannun masu fassara na gidajen rediyo, da ma'aikatan lafiya, da masu shelar dagatai da masu unguwanni.

Saboda haka akwai wata Hausa da ta taru cikin watannin nan, ta sanarwa da gargaɗi da doka, wadda ta cancanci a zauna a duba ta kamar yadda a kan duba littafi: a ga abin da ta yi nufin faɗa, a ga abin da mai sauraro ya ji, sa'an nan a auna ratar da ke tsakani. Ba neman laifin masu fassara a ke yi ba, gama sun yi aiki cikin gaggawa, ba ƙamus a gabansu, ba lokacin shawara. Abin da nazarin ya nuna shi ne, Hausar nan ta ƙware wajen ba da umurni, ta yi rauni wajen ba da dalili, kuma a ranar da jama'a suka fi bukatar a faɗa musu sunan abin da ke kashe su, sai ta yi nauyin baki.

2. Sunan cutar

Bahaushe ya kan raɗa wa cuta suna daga abin da ido ya gani. Sanƙarau ya kan sanƙarar da wuya. Amai da gudawa ba ya bukatar bayani. Ƙanjamau ya samo sunansa daga ramar da ke ƙanjame mai shi. Har murar nan ta 1918, wadda ta shigo ta Ikko ta bi hanyar jirgin ƙasa zuwa Arewa, sai da ta sami sunanta a bakin mutane, dattawa suka riƙa lissafin shekaru da marisuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa sabuwar cutar suna COVID-19 ran 11 ga Fabrairu, 2020. Masu fassara sun gwada neman sunan Hausa. Waɗansu suka ce cutar sarƙe numfashi. Sunan ya yi daidai da tsarin Hausa, sai dai ya kwatanta halin wanda cutar ta tsananta gare shi ne kaɗai, alhali mafi yawan waɗanda suka kamu numfashinsu bai sarƙe ba. Waɗansu suka ce murar mashaƙo, watau suka ari sunan wata cuta dabam. Illar wannan aro ta fito fili a 2023, sa'ad da mashaƙo na ainihi ya bazu a Kano da maƙwabtanta, cuta mai kama maƙogwaron yara, mai allurar rigakafinta tun da daɗewa.

Daga ƙarshe korona ce ta zauna. Ta bi ƙa'idar nahawun Hausa ba gardama, ta zama tamata saboda wasalin ƙarshenta, a ka ce korona ta kama wane. Amma kalma ce da ba ta nuna wa Bahaushe kome. Alamunta kuwa, zazzaɓi da tari da kasala, su ne alamun zazzaɓin cizon sauro da murar hunturu, waɗanda kowa ya saba da su tun yana goye. Har wa yau akwai wani tarko cikin harshen kansa: kalmar cuta tana nufin rashin lafiya, tana kuma nufin zamba. Wanda ya ce korona cuta ce ya faɗi magana mai baki biyu, likita ya ji abu ɗaya, mai shakka ya ji wani.

3. Annoba da mai ɗauke da ita

Ran 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta game duniya, aka fassara wannan da annoba. A ƙamus fassarar ba ta da aibi. Amma annoba a kunnen Bahaushe abu ce da a ke gani da ido: gawa bayan gawa, maƙabarta ba hutu, kamar yadda aka gani a sanƙarau na 1996. A watan Maris na 2020 kuwa, mutumin Kano ya duba unguwarsu bai ga kowa kwance ba, gama ba a tabbatar da mai cutar na farko a Kano ba sai ran 11 ga Afrilu. Waɗanda ya ji sun kamu manya ne. Gwamnan Bauchi da na Kaduna sun sanar da kamuwarsu cikin Maris, Shugaban Ma'aikatan Fadar Shugaban Ƙasa, Abba Kyari, ya rasu ran 17 ga Afrilu. Ba mamaki da aka riƙa kiranta cutar manya, ko ta masu hawa jirgin sama. Gani ya kori ji, abin da aka gani kuwa bai yi kama da abin da aka ji ba.

A nan ne bayani ya kamata ya shigo, a nan kuma ya gaza. Dukan dokokin da aka kafa bisa magana ɗaya suka dogara, watau mutum ya iya zama lafiyarsa ƙalau, yana cin tuwonsa yana zuwa kasuwa, alhali yana rarraba cutar ta numfashinsa. In ba a fahimci wannan ba, ba hankalin da zai karɓi a tsare mai lafiya a gida. A Hausa kuwa mai cuta shi ne majinyaci, wanda a ke zuwa dubiya. Sanarwa ta yi ta cewa mutum kaza sun kamu, ba ta tsaya ta rarrabe kamuwa da kwanciya ba. Abin takaici, harshen ya riga ya mallaki wannan bambanci, domin masu yaƙi da ƙanjamau sun yi shekaru suna koya wa mutane cewa mai ɗauke da ƙwayar cuta dabam, wanda ciwo ya kayar dabam. Da an gina bisa wannan harsashi, da rabin gardamar ta ragu.

Ita ma ƙwayar cuta kalma ce mai faɗi ƙwarai. Ta haɗa abin da ke kawo zazzaɓin sauro, da mai kawo taifot, da bairos irin na korona, alhali maganin da ke kashe na farko da na biyu ba ya taɓa na uku. Wanda bai ji wannan bambanci ba, ba laifinsa ba ne in ya nufi kantin magani ya sayi abin da ya saba saya.

4. Kalmomin doka

Kalmomi huɗu ne suka fi yawo a rediyo: kulle, killace, takunkumi, tazara. Biyu sun dace, biyu sun zo da kaya a kansu.

Kulle aiki ne da wani ke yi wa wani. A kan kulle ƙofa, a kan kulle ɗan kurkuku, akwai kuma auren kulle, inda mace ba ta fita sai da iznin miji. Da aka ce wa magidanci an sa dokar kulle, an gaya masa matsayinsa ke nan kafin a gaya masa amfanin abin. Zaman gida ya fi sauƙi a kunne, tun da ya ke mai zaman ne ke yin aikin da kansa, ko da ya ke shi ma ba abin yabo ba ne ga namiji mai iyali.

Killace kuwa zaɓe ne mai kyau. A kan killace wuri da zana don sutura, a kan killace shuka don kada dabba ta ci. Abu mai daraja a ke killacewa. Ya kuma karɓi kalmar kai ba tare da ƙaƙale ba, a ka ce wane ya killace kansa, watau aikin ya koma hannun mai shi.

Takunkumi shi ne mafi muni. Abin da a kan ɗaura wa jaki ko raƙumi a baki ke nan, ko kura a hannun gardawa. A labarun duniya kuma shi ne horon da manyan ƙasashe ke yi wa ƙasar da ta yi taurin kai. Da wannan kalma aka roƙi dattijo mai furfura ya rufe bakinsa da hancinsa. Ga shi kuwa Hausa tana da amawali, ɓangaren rawani da sarakuna ke ja su rufe baki, wanda alamar girma ne. Gaskiya ne takunkumi ya zauna, don gajere ne kuma yana da ban dariya, harshe kuwa ba ya neman iznin malamai. Amma abin da a ke yi wa dariya ba safai a kan ɗauke shi da muhimmanci ba, sau da yawa a haɓa ya ƙare, ko cikin aljihu sai an hango shingen 'yan sanda.

Tazara ta fi asalin da aka fassaro ta daga gare shi. Kalmar Turancin ta farko tana nufin nisantar jama'a, har Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta gyara ta cikin Maris, ta ce nisan jiki a ke nufi. Masu fassarar da suka bi Turancin sau da ƙafa suka ce a nisanci juna, maganar da ke kusa da yanke zumunci. Tazara kuwa awo ce kawai, taku kaza tsakanin mutum da mutum, ba ta taɓa zumunci.

Banda kalmomin, akwai ginin jimla. Kusan kowace sanarwa da lamirin nan marar fuska ta ke tafiya: an hana, an rufe, a zauna, a wanke. Wannan lamiri yana da amfani wajen ladabi, amma yana ɓoye mai aiki. Wa ya hana? Wa za a tambaya? Wa zai ɗauki alhaki in abin ya ɓaci? Jimlar ba ta faɗa.

5. Abin da jama'a ke tambaya

Gwamnatin Kano ta rufe jihar daga daren 16 ga Afrilu. Azumi ya kama ran 24, ran 27 kuma Shugaban Ƙasa ya ƙara wa'adin da mako biyu. Tambayar farko a bakin ɗan dako, da mai tura ruwa, da mai keken haya, ita ce ta abinci, tun da sai sun fita su ke samun na cefane. Amsar hukuma kalma ɗaya ce, tallafi. Tallafa ita ce a sa hannu a ƙarƙashin abu don kada ya faɗi, watau alkawari ne mai nauyi. Sanarwa ba ta cika faɗar wa zai samu ba, ko mudu nawa, ko ran yaushe. A watan Oktoba na shekarar, da mutane suka fasa rumbunan ajiya a Jos da Kaduna da waɗansu garuruwa, suka tarar da kayan abincin korona jibge. Hukumomi sun ba da hanzari, waɗansu sun ce ajiya ce don dawowar cutar, amma kalmar tallafi ba ta fita daga wannan rana da mutuncinta ba.

Tambaya ta biyu ta salla ce. A nan a ke ganin bambancin harshe biyu bisa aiki ɗaya. Hukuma ta ce an hana sallar Juma'a. Malaman da suka goyi bayan matakin kuwa suka ce lalura ce ta kawo rangwame, suka tuna wa mutane hadisin da ya hana shiga ƙasar da annoba ta sauka ko fita daga cikinta, da labarin Sayyidina Umar da ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can. Maganar farko ta sa hukuma tsakanin bawa da Ubangijinsa. Ta biyu ta nuna masa cewa addininsa ya riga ya san irin wannan rana. Matsalar ba ta tsaya a iyakar Nijeriya ba. A Jamhuriyar Nijar, inda daga Faransanci a ke fassarowa, rufe masallatai da dokar hana fitar dare sun jawo tarzoma a Yamai cikin Afrilu, sai ran 13 ga Mayu aka sake buɗe wuraren ibada.

Tambaya ta uku ta zo daga baya, da allura ta iso a watan Maris na 2021. Rigakafi kalma ce ta gida, mai kyan gini: a riga abokin gaba yin kafi. Karin magana ma ya tsaya mata, tun da kowa ya san rigakafi ya fi magani. Amma kalma ba ta wanke tarihi. A 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya ƙunshi yara 200 masu sanƙarau, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. A 2003 Kano ta dakatar da allurar shan inna, ba ta koma ba sai tsakiyar 2004. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Sanarwar da ta ce allura ba ta da illa, ba tare da ta ambaci abin da ya wuce ta faɗi abin da ya sake ba, ta bar wa masu jita-jita fili.

6. Mace-macen Kano

Babban gwajin wannan Hausa ya zo ne a rabin ƙarshe na Afrilu. Masu haƙar kabari a birnin Kano suka fara cewa gawawwakin da a ke kawowa sun wuce ƙima. Dattawa suka riƙa tafiya a jere, malaman jami'a, da 'yan kasuwa, da masu sarauta. A daidai wannan lokaci ɗakin gwajin cutar da ke Kano ya dakatar da aiki na 'yan kwanaki. Ga annoba ke nan irin wadda Bahaushe ya sani, wadda a ke gani da ido. Sai gwamnatin jiha ta ce binciken farko ya nuna hawan jini ne, da ciwon sukari, da sanƙarau, da zazzaɓi mai tsanani.

Maganar ba ƙarya ce tsantsa ba. Asibitoci da yawa sun rage karɓar marasa lafiya don tsoro, masu tsofaffin cututtuka suka rasa kulawa, korona kuma ta fi kayar da masu irin waɗannan cututtuka. Amma a dubi yadda abin ya kasance ga mai sauraro. Sa'ad da bai ga gawa ba, an ce masa annoba ce, an kulle shi. Sa'ad da ya ga gawa, an ce masa ba ita ba ce, ana bincike. Sau biyu ke nan kunnensa da idonsa suka saɓa. Mai shakka ya sami hujja daga bakin hukuma, mai tsoro kuma bai sami abin kamawa ba.

Sai a watan Yuni Ministan Lafiya, Osagie Ehanire, ya ba da sakamakon tawagar da aka aika Kano: an ƙidaya mamata 979 a ƙananan hukumomi takwas na birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa ne korona ce ta jawo ko ta taimaka. Hanyar da aka bi aka gano wannan abin lura ce. Tun da an riga an binne mamatan, sai aka bi iyalansu ana tambayarsu yadda ciwon ya fara da yadda ya ƙare. Watau ilmin da ya fi kowane amfani cikin al'amarin daga bakin talakawa ya fito, a ranar da hukuma ta zauna ta yi tambaya ta saurara.

7. Abin da ya rage

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci bisa korona ran 5 ga Mayu, 2023, amma ba wanda ya ce ita ce annoba ta ƙarshe. Rauni da aka gani ba na Hausa ba ne, gama an ga harshen yana da killace da tazara da amawali da rangwame. Raunin na matsayin da aka ba ta ne: sai an gama shawara da Turanci a ke miƙo mata takarda ta kai wa talakawa.

Akwai aikin da ya rataya a wuyan sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin horon malamai. Na farko, a tattara sanarwar 2020 daga gidajen rediyo tun ba ta ɓace ba, a ajiye ta don nazari. Na biyu, a zauna da likitoci a tsara kalmomin cututtuka masu yaɗuwa tun lafiya tana nan, irin aikin da Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta fara bisa baƙin kalmomi. Na uku, kada a amince da kalma don ta gamsar da malamai a ofis, sai an kai ta kasuwa da tasha da zauren mai unguwa an ji abin da ta ke tayarwa a zukata. Malamin da ke koyar da fassara kuma ya iya ɗaukar kalmomin nan huɗu ya ba ɗalibansa, ya tambaye su wa ke yin aikin cikin kowace ɗaya, wa kuma a ke yi wa. Ɗalibin da ya iya amsa wannan ba zai sa wa dattijo takunkumi ba in an kawo masa takarda ta gaba.